Hannun Baba da Maganin 'Yan Dubiya

Mahaifina majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. Fatar jar akuya yake jemewa, ya sayar wa dukawa su yi jaka da takalmi da matashi. Sana'a ce mai rufin asiri, sai dai in ka bi ta kusa da majema da rana tsaka dole ka toshe hanci. Mu da muka tashi a gidansa a Unguwar Rogo ba mu ma san akwai wani wari ba, sai da na shiga makarantar kwana wata yarinya ta ce akwatina na warin bunsuru. Na wanka mata mari, aka sa ni sharar fili kwana uku. Na kawo wannan ne don a san halina tun daga farko: ba ni da haƙuri, kuma ga shi har na fara furfura ban samo shi ba.

Aikina gwaji ne a asibiti. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba, amma je ka gaya wa mutanen unguwarmu haka ka ji. Tun ranar da suka gan ni da farar riga na zama likita, na gyara har na gaji na bari. Abin da nake yi shi ne, a kawo mini fitsari ko jini ko mugunyar ciwo, in shafa a wani ɗan faranti mai abinci a daskare kamar kunun da ya kwana, in sa shi a ɗumi zuwa gobe. Da safe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani sun hayayyafa har ana ganin tsironsu. Sai in sake shafa su a wani farantin, in jera 'yan ƙananan takardu a kai, kowace an jiƙa ta da magani iri dabam. Maganin da ya fi ƙarfinsu, za ka ga fili fayau kewaye da takardarsa, ba ƙwaya ko ɗaya. Wanda suka raina kuwa, har jikin takardar suke tsirowa. Shekara da shekaru ina wannan aiki ina jin daɗinsa, ban taɓa kawowa a raina ba wata rana mugunyar hannun ubana zan shafa a farantin, ina roƙon Allah kada a yanke hannun.

Bayan Babbar Salla abin ya faru, lokacin da fatun layya ke cika majema har ba wurin taka ƙafa. Baba na kankare fata da wuƙar nan mai ƙota biyu, ta goce ta yanke shi a hannun dama, tsakanin babban yatsa da manuni. Yanka a wurin majema ba labari ba ne. Suna da wani gwangwani a rataye jikin bango, cike da kafso kala-kala, ragowar wannan da ragowar wancan. In mutum ya yanke, sai ya ɓare ɗaya ya zazzage garin a kan ciwon, ya haɗiye biyu, ya ɗaure da tsumma, ya mai da hannunsa cikin ruwan jima. Haka Baba ya yi. Abin da ya manta, ko in ce ya ga dama ya manta, shi ne yana da ciwon suga, kuma mai suga ba ya wasa da ciwo ko na ƙaya ne.

Ni ina Arkilla gidan mijina, ban san wainar da ake toyawa ba. Kusan mako biyu Inna, mahaifiyata, tana amsa mini waya tana cewa kowa lafiya lau, don ya hana ta faɗa mini. Wai in na ji zan zo in cika musu gida da faɗa, kuma gaskiyarsa. Wata ranar Juma'a na tashi aiki da wuri, na hau keke na biya in gaishe su. Na tarar da shi zaune a zaure kan tabarma, abin da ban taɓa gani ba a lokacin fatun layya, hannun dama na cikin babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Tun kafin in miƙe hancina ya gaya mini. Warin majema na san shi, a cikinsa na girma. Wannan wani wari ne dabam, wanda na sani a wurin aiki.

Na ce ya nuna mini, ya ce ba komai, ɗan yanka ne. Na zauna daram na ce to ni ma ba inda za ni, yau a zauren nan zan kwana. Da ya ga da gaske nake ya zaro hannun. Inna lillahi! Hannun ya kumbura suntum yana ƙyalli, manunin ya fara duhu, ja ya haura har ya wuce wuyan hannu. Gabana ya faɗi, amma bakina bai mutu ba. Na tambaye shi me yake sha, ya ɗaga gefen matashi ya jawo wata tasa.

Baba mutum ne na jama'a. Da aka ji bai fita majema ba, dubiya ta ɓalle: majema 'yan'uwansa, dukawa, 'yan kasuwar fata, abokan sahun masallaci, dangi na kusa da na nesa. Kuma a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Da can lemo ake kawowa, ko kankana, ko ɗan sassaƙe a ƙunshi. Yanzu kuwa kowa na da ragowar kafso a aljihu ko a ƙarƙashin katifa, kuma kowa na da labarin yadda ya warkar da shi cikin kwana biyu. Wannan ya kawo ja da baƙi, wancan ya kawo ja da ruwan ɗorawa, wani ya kawo fari dogo wai ɗansa ne ya zo da shi daga Makka. Baba kuwa ba ya mai da hannun kyauta baya. Ba karɓa kaɗai yake yi ba, a gaban mai kawowa yake ɓallewa ya haɗiye ya kora da ruwan randa, don kada mutum ya tafi yana jin an raina kyautarsa. Wanda ya zo da safe nasa ake sha da safe, wanda ya zo da la'asar nasa ake sha da la'asar. Na juye tasar a tabarma na ware iri bakwai, babu ɗaya da ya sha kwana biyu a jere.

Ranar na danne zuciyata, Allah ne shaida. Na kira mijina ya zo da mota, muka lallaɓa Baba ya yarda a kai shi a duba, amma da sharaɗin a gida zai kwana. Likitan da ya gan shi abokin aikina ne, mutum mai sanyin magana, irin wanda ni in na zauna da shi minti goma nake jin kamar in girgiza shi. Ya wanke ciwon, ya matse mugunya ya ba ni, ya ce a ba Baba gado. Baba ya ce ubansa bai kwanta asibiti ba, kakansa bai kwanta ba, kuma fatu na can na jiransa. Likita bai yi musu ba. Ya rubuta maganin da yake ganin zai fi dacewa kafin sakamako ya fito, sannan ya ɗauki biro ya ja layi a damtsen Baba, ɗan sama da inda jan ya tsaya. Da muka fito ya ja ni gefe ya ce in jan ya tsallake layin nan kuma ba a samu maganin da ke kama ƙwayar ba, sai dai a cire hannun daga ƙasan gwiwar hannu don a ceci ransa. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna.

Da hannuna na shafa farantin ranar. Asabar ƙwayar ta tsiro, na jera takardun. Lahadi ba ni ce da aiki ba, amma tun da hantsi ina ɗakin gwaji. Na ɗaga farantin zuwa haske. Takarda bayan takarda, ƙwayar ta tsiro har jikinsu, ta lulluɓe su kamar ba magani aka sa ba. Duk dangin kafson da ke cikin tasar Baba, da allurorin da muke tunƙaho da su, har da wanda likita ya rubuta shekaranjiya, duk ta raina su. Takarda ɗaya tak ce ke da fili kewaye da ita.

Na san abin da nake kallo, don na sha ganinsa a farantin mutanen da ban sani ba. Ba jabu ne magungunan ba. Ita ƙwayar ce ke fitar da wani sinadari, a wurin aiki enzayim muke ce masa, wanda aikinsa ya datse maganin ya kashe masa kaifi tun kafin ya isa gare ta. Ba kowace ƙwaya ke da shi ba. Amma in kana shan magani yau wannan gobe wancan, kaɗan-kaɗan, sai ka kashe marasa makamin ka share wa masu shi fili su yi ta haihuwa. Mako biyu ke nan 'yan dubiya suna yi wa ƙwayar hannun Baba wannan hidima, da zuciya ɗaya kuwa. Shi kuma maganin da ya rage ba na haɗiya ba ne, ta jijiya ake ba da shi, a kan gado, a kan lokaci, har mako biyu.

Na ɗauki hoton farantin a wayata, na gaya wa likita, na kama hanyar Unguwar Rogo. A zaure na tarar da Gwaggo, yayar Baba, wadda ta goye shi yana jariri, wadda duk danginmu ba mai ɗaga ido ya kalle ta in tana magana. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wasu kafso guda huɗu, tana cewa su ta sha da ƙafarta ta kumbura bara. Baba ya miƙa hannun hagu ya karɓa, Inna ta miƙo masa moɗa. Da ya ɗaga hannu rigarsa ta zame, na hango damtsensa na dama. Jan ya taɓa layin biro.

Ban san lokacin da na fizge kafson daga hannunsa ba. Na jawo tasar daga ƙarƙashin matashi, na fita ƙofar gida na watsa su duka cikin kwata, na dawo zauren.

“Ku ne za ku kashe shi!” na ce. “Da dubiyarku da kafsonku, ku ne za ku sa a yanke mishi hannu!”

Inna ta dafe ƙirji, don a lokacin ta fara jin maganar yankewa. Gwaggo ta miƙe. Ta ɗaure bakin zanenta a hankali, ta jawo takalmanta, ta fita ko sallama babu. Baba ya ɗago ya dube ni.

“Tashi ki ba ni wuri,” ya ce. “In yankewa za a yi, a yanke shi nan cikin gidana. Ba ni zuwa asibitin da anka koya miki zagin yayata.”

Na koma Arkilla ina kuka ina faɗa, mijina da ya zo ɗaukata na jan mota bai tanka ba, don ya san in ya tanka shi zan koma wa. Gaskiya ce da ni, na sani, har gobe kuwa ina da ita. Amma gaskiyar tawa ta rufe ƙofar da nake son buɗewa, kuma jan da ke damtsen Baba ba zai tsaya jiran mu shirya ba. Kunya ta kama ni, tsoro ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Washegari da sassafe na nufi gidan Gwaggo a wajen Hubbare. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta bar ni a durƙushe sai da ta tsince faifan nan tsaf, ta bushe shi, ta juye a kwano, gwiwoyina na ta zogi a kan siminti. Sannan ta ce ba laifina ba ne, laifinta ne, don duk dangi sun san halinta na ɗauko, ita ma da ƙuruciya ta taɓa watsa wa surukarta tuwo a ƙasa. Ta tambaye ni ko da gaske ne maganar yanke hannun, ko don in tsorata su na faɗa. Na ce da gaske ne. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce da ta san kafsonta na cikin abin da ke ƙara masa ciwo da ta haɗiye su ita kanta ko za su kashe ta.

“Amma ke ba ki san ubanki ba,” ta ce. “Tun shina yaro ba a gaya mishi abu. Tambaya tai aka yi. Ki tambaye shi abin da ya sani, shi kai kanshi inda kike so.”

Ta sa mayafinta muka tafi tare. Baba ya ga Gwaggo a gaba ni a baya, ya kawar da kai, amma bai kore ni ba. Zazzaɓi ya fara kama shi, idonsa ya yi ja. Na zauna can bakin ƙofa na yi shiru, abin da ya fi mini komai wuya a duniya. Can na ce akwai abin da na daɗe ina son in tambaye shi: me ya sa bayan an cire wa fata gashi da toka ake tsoma ta cikin ruwan kashin tantabara?

Ya harare ni, ya ce shekara arba'in ina cin tuwon jima sai yau na ga damar tambaya. Amma majemi ba ya iya jin tambaya a kan fata ya yi shiru. Ya gyara zama ya ce fata in ta fito daga toka a kumbure take, ta yi tauri, ga sauran nama da maiƙo a jikinta da wuƙa ba ta iya kaiwa. Ruwan kashin tantabara ne ke cinye su, fatar ta saki ta yi laushi har ka naɗe ta a tafin hannu. Ya ce kuma sabon haɗi ba ya aiki, sai ya kwana ya tashi, kuma in ka bar fata ta wuce lokacinta a ciki sai ka tsamo ta duk huji. Na tambaye shi to me ke cin naman, tunda ruwa ba shi da haƙori. Ya ce shi dai ubansa ya gaya masa ruwan na da rai.

Na ce wallahi kakana ya yi gaskiya. Akwai halittu a cikin ruwan, ƙanana da ido ba ya gani, kuma ba da haƙori suke ci ba. Wani abu suke tofarwa, shi ke narkar da naman. Na matso kusa kaɗan na ce masa dangin halittun nan ne suka shiga hannunsa, sai dai na hannunsa abin da suke tofarwa magani yake ci. Duk kafson da ya haɗiya, kafin ya kai gare su sun tofa masa sun lalata shi. Na buɗe hoton farantin na miƙa masa wayar, na nuna masa takardun da aka lulluɓe, na ce wannan na wane ne, wannan irin na Makka ne, wannan irin na Gwaggo ne. Gwaggo ta leƙo ta ce a'uzu billahi.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsan hagu a kan takardar nan mai fili.

“Wagga fa? Ita ba su iya cinta?”

“Ba su iya ba tukuna, Baba.”

“Tukuna,” ya ce. Ya tambaye ni kwana nawa ake yi ana ba da shi, na ce goma sha huɗu, ba tsallake ko sau ɗaya, kuma ba a haɗa shi da na kowa. Ya miƙo mini wayar. Ya ce wannan ai ba sabon abu ba ne. Fata in aka tsamo ta daga ruwan gabaruwa kwanakinta ba su cika ba, waje ya jemu ciki ɗanye, daga ciki take ruɓowa, ta fi wadda ba a taɓa ba lalacewa. Duk majemin da ke yawo da fata daga wannan kwatarniya zuwa waccan ba majemi ba ne.

“To a tsoma ni,” ya ce. “Amma wa za ya hana mutane kawowa? Ni dai ba ni iya ce ma mutum a'a.”

Gwaggo ta ce wannan a bar mata.

Kafin azahar yana kan gado an ɗaura masa ruwa. Dubiya kuwa ta biyo shi asibiti kamar an yi shela. Lokacin ziyara na yi, Gwaggo za ta kafa kujerarta a gefen gadon da wata baƙar jaka a cinya. Mutum ya zo ya gaisa, ya laluba aljihu ya fito da nasa, Baba ya karɓa da hannun hagu ya yi godiya ya sa albarka kamar yadda ya saba, sannan ya miƙa wa Gwaggo ya ce ta ajiye masa, yanzu yana cikin kwatarniya, sai an tsamo shi. Majema da dukawa na jin haka sai su yi dariya su gyaɗa kai, ba wanda ya tafi da ɓacin rai. Mutum ɗaya ne ya nace, wani baduku aminin Baba tun na yarinta, wai nasa dabam ne, ko ɗaya dai a sha a gabansa. Gwaggo ta ce masa tun yana yawo ba wando ta san shi, in bai mai da hannunsa aljihu ba za ta faɗi abin da ya yi a bikin Baba a gaban 'ya'yansa. Har yau ban san me ya yi ba, amma bai ƙara ba. Ni da na yi shekara ashirin ina wa mutane wa'azin magani ba a ji, tsohuwa da jaka ta gama aikin a zaune.

Kwana ukun farko ba abin da ya canja. Kullum kafin in shiga ɗakin gwaji sai na biya na ɗaga hannun rigarsa, jan na nan a kan layi, bai wuce ba bai koma ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ɗaga farantin wasu zuwa haske ba na gane abin da nake kallo, har abokiyar aikina ta karɓe ta ce in je in zauna. Likita kuwa in na tare shi sai ya ce a yi haƙuri a ba magani lokaci, da muryar nan tasa mai sanyi, in ji kamar in fasa ihu. Inna ta daina cin abinci, ni na koma ina yi mata faɗa a kan ta ci, alhali ni ma shayi kaɗai ke shiga cikina.

Rana ta huɗu Baba ne ya riga kowa gani. Ina shiga ya ce in zo in duba, fatar ta saki. Na duba, ni ban ga komai ba. Ya sa yatsa ya ɗan tsunkuli wuyan hannun, fatar ta taso ta yi 'yar tamoji, abin da jiya ba ta yi don kumburi. Ya ce shi fata ba ta yi masa ƙarya. Kafin yamma jan ya ja da baya da faɗin yatsa guda, washegari da faɗin uku. Na shiga banɗakin ma'aikata na yi kukana na wanke fuska na fito.

Manunin dai bai tsira ba, ya riga ya mutu tun kafin mu zo. Likita ya yi masa bayani, Baba ya ce a cire, ai ko fata akan yanke gefen da ya lalace don a tsirar da saura. Da ya farfaɗo daga aikin, ya kalli naɗin ya ce shi ke nan yaran majema sun huta, ba sauran yatsan da zai riƙa nuna su da shi. Daga rana ta tara ya warware, yana cin tuwo yana tsokanar nas-nas, har Inna ta fara cewa tunda ya samu sauƙi ko a roƙi likita a koma gida. Na buɗe baki ke nan zan fara, ya ɗaga mini hannu ya ce in adana faɗana, shi ya san kwanakinsa, saura biyar. Jakar Gwaggo kuwa sai da ta cika ta batse, na kai ta inda ake ƙona magungunan da suka lalace. Kada a ce na ce na gyara duniya: gwangwanin majema na nan a rataye har yau, in na bi ta wurin ina faɗa suna ce mini sannu likita. Amma Baba na zaune a cikinsu kullum, kuma duk wanda ya yanke a gabansa shi ke kora shi asibiti.

Ranar da kwanakin suka cika, da hantsi likita ya zo da kansa ya kwance naɗin. Muna tsaye, ni da Inna da Gwaggo. Hannun ya rame, ya yi fari-fari, ga ɗinki inda manunin yake da, amma hannu ne, yana nan a jikin mai shi. Likita ya ce ya motsa babban yatsa, ya motsa. Ya ce ya lanƙwasa sauran ukun, suka lanƙwasu a hankali. Sai ya ce yana son ya ga ƙarfin riƙonsa, don shi ne zai nuna ko zai iya komawa aiki, ya miƙa masa nasa hannun ya ce ya matse iya ƙarfinsa.

Baba bai kama hannun likita ba. Ya waiga ya kamo nawa. Rabon da ya riƙe mini hannu tun ina 'yar shekara biyar yana kai ni makarantar allo. Na ji kaushin tafinsa, na ji gurbin yatsan da babu, sannan ya matse. Zobena ya nutse cikin nama, ƙasusuwana suka haɗu, hawaye ya cika mini ido. Likita ya yi murmushi ya ce ya isa haka, hannu ya yi kyau, zai riƙe wuƙa.

“Baba, da zafi,” na ce.

“Madalla,” ya ce, kuma bai sake ni ba.